Kacar inji ta fara ƙara: tenshina kaɗai za a canza, kit za a zuba, ko injin za a sauke?

Wata safiyar Litinin cikin hunturu motar yayana ta mutu a kan gadar Kawo a Kaduna, yana hanyar Zariya. Ba ta yi gargada ba, ba ta yi hayaƙi ba. Fitilun gaban direba ne kawai suka kama gaba ɗaya, sitiyari ya yi nauyi, birki ya amsa taku ɗaya, a na biyu ya ƙage kamar dutse. Allah ya taimaka ya gangara da ita gefe. Da ya murza makulli sai injin ya riƙa juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, juyi mara nauyi kamar fanka, amma ya ƙi tashi. Janwe ce ta kai ta gareji.

Ina tsaye a wurin bakaniken ya saurari juyin nan sau ɗaya, ya ce a bar makullin haka.

"Alhaji, da safe in ka tayar da ita, ba ka jin wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani?"

"Ina ji, Oga, amma ai nan take take ɗaukewa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin babbar sallah."

"To ai tun lokacin take yi maka sallama, ba ka amsa ba."

Abin da ya kashe motar ƙarfe ne da kaɗan ya fi babban yatsa girma, wanda makanikai ke kira tenshina. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini motarsa na wannan ƙarar da safe, tambayarsa ɗaya ce: me zan yi wanda ba zan biya kuɗi sau biyu ba? Hanyoyin uku ne, kuma kowacce akwai inda take daidai, akwai inda take asara. Sai dai ba za a iya zaɓa ba sai an san abin da ke faruwa a bayan murfin nan na gaban inji.

A ƙasan inji akwai kiranshaf, wanda fistin ke juyawa. A sama akwai kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su. Dole su tafi tare ba saɓani: na ƙasa ya juya sau biyu, na sama sau ɗaya. Abin da ke haɗa su ko dai bel ne na roba mai haƙora, ko kaca irin ta babur, wadda ake kira tayimin cen. Kacar tana bi ta kan wasu dogayen maratayai masu fuskar roba mai tauri, ita kuma tenshina tana tura ɗaya daga cikinsu don kacar ta zauna a ɗame. Ƙarfin turin nan daga baƙin mai yake zuwa. Famfon mai ya tura, ɗan sandan da ke cikin tenshina ya fito ya danne. Idan an kashe mota matsin mai ya sauka, akwai sifirin a ciki, a yawancinsu kuma da ƴan haƙoran kulle da ke hana sandan komawa baya. Ranar da haƙoran nan suka cinye, ko ɗan bawul ɗin da ke riƙe mai a ciki ya daina riƙewa, sai kaca ta kwana a sake. Da safe ka murza makulli, kafin mai ya hau sama, kacar na dukan murfi: ƙarar tsakuwa ke nan ta daƙiƙa biyu ko uku. Wata rana kuma, maimakon ta daki murfi, sai ta tsallake haƙori.

Haƙori ɗaya in ta tsallake, mota na iya tashi amma ba ƙarfi, tana rawa, fitilar inji a kunne. Idan ta tsallake da yawa, to a akasarin injinan da ke da kaca, bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ke raba su. Injin da ke juyi 3,000 a minti, kowane fistin na hawa ya sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Bawul ya buɗe ba a lokacinsa ba, fistin ya tarar da shi, ya lanƙwasa shi. Shi ya sa motar yayana ke juyi kamar fanka: bawul sun lanƙwashe, ba sa rufewa, babu matsin da zai riƙe fistin.

Hanya ta farko ita ce a canza tenshina kaɗai. Ita ce kowa ke so a ce masa, saboda ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma a wasu motocin gaskiya ita ce daidai. A injin 1ZZ na Corolla, irin ta 2003 zuwa 2008 da ta cika titunan Kaduna, tenshina daga waje take, a jikin murfin kaca ta gefen baya, noti biyu ne ke riƙe da ita. Ba a kwance komai mai yawa. Abin da ma ya fi damun ta a wannan injin shi ne zoben robar da ke jikinta ya bushe ya fara yoyon mai, mutum ya ga jiƙa a gefen inji ya ɗauka gaskit ne. A injin K24 na Honda Accord daga 2003 akwai ɗan ƙaramin murfi a jikin babban murfin, ta nan ake cire ta. Injin EP6 da ke cikin Peugeot 308 da wasu 508, wanda kamfanin ya haɗa gwiwa da BMW suka ƙera, tasa ma daga waje ake murɗa ta kamar babban noti. A irin waɗannan, idan ƙarar sabuwa ce, kwamfuta ba ta nuna saɓanin lokaci ba, kuma kacar ba ta miƙe ba, canza tenshina kaɗai aiki ne na hankali. Wanda ya ce maka lallai sai an farke gaban injin gaba ɗaya alhali bai auna komai ba, ka nemi ra'ayi na biyu.

Matsalar wannan hanya ita ce, sau da yawa tenshina ba ita ce mai laifi ba, shaida ce kawai. Kaca ba ta talewa kamar roba. Kowace gaɓa tata akwai ɗan ƙusa a ciki, kuma kowanne na cinyewa kaɗan-kaɗan. Idan aka haɗa cinyewar gaɓoɓi sama da ɗari sai kacar ta ƙara tsawo. Tenshina ta yi ta fitowa tana cike giɓin har ta kai ƙarshen tsawonta. Daga nan ba ta da abin yi. Ka sa sabuwa gangariya, ita ma ranar farko za ta fito har ƙarshe ta tsaya. Ƙarar na iya yin shiru na ƴan makonni, sannan ta dawo, ka ce an sayar maka da jabu, alhali kayan ba su da laifi.

Saboda haka kafin a yanke shawara abu biyu nake so a yi, kuma duka biyun ba su da tsada. Na farko a sa kwamfuta. Lambobin P0016 da P0017 na nufin kiranshaf da kamshaf ba sa tafiya daidai da juna. A Honda mai K24, P0341 ma kan fito idan kaca ta miƙe. Ba kullum ne kaca ke jawo su ba, na'urar da ke karanta juyin ko ƙazantar mai a bawul ɗin sauya lokaci na iya kawo su, amma in lambar ta haɗu da ƙarar safe, zargi ya yi ƙarfi. Na biyu a duba da ido yadda sandan tenshina ya fito. In ya kusa ƙarewa, magana ta ƙare, kaca ta tafi.

Akwai kuma wata ƙara da ke ruɗa mutane. Kan kamshaf na injinan zamani akwai wani faifai mai sauya lokacin buɗe bawul, shi ma da mai yake aiki, shi ma in makullin cikinsa ya cinye yakan yi kurrr na daƙiƙa ɗaya ko biyu da safe. Accord ta 2008 zuwa 2012 mai silinda huɗu ta yi suna da wannan. Na ga wanda ya canza tenshina, ya dawo ya canza kaca, ƙarar na nan, ashe faifan ne. Bakaniken da ya san aikinsa zai ce ka bar masa motar ta kwana, ya tayar da ita da kansa da sassafe, kunnensa a kan injin. Wanda ya yanke hukunci da rana tsaka, injin da zafi, hasashe yake yi.

Hanya ta biyu ita ce kit: kaca, tenshina, maratayan, faifan haƙora in sun cinye, da sil ɗin gaban kiranshaf. A nan ne nake tsayawa ga yawancin motocin da suka haura kilomita 200,000, kuma dalilina na lissafi ne. A wannan aiki ba kayan ne ke cin kuɗi da lokaci ba kamar kwancewar. Sai an cire fambel, an ɗaga inji an cire kujerarsa ta gefe, an kwance babban notin fuli, an ɓamɓare murfi, a wasu ma har kwanon mai na ƙasa. Idan an riga an sha wannan wahala, barin tsohon marataya a ciki don a rage ƴan kuɗi rowa ce da ke komawa kan mai ita. Robar fuskarsu ta shekara goma sha tana dahuwa cikin mai mai zafi, ta yi ƙas-ƙas. Ranar da ta karye, gutsattsarin na faɗawa cikin kwanon mai, su toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki, sai matsin mai ya faɗi a ko'ina. Daga matsalar kaca an koma inji ya buga. Shi ya sa in an buɗe aka tarar da marataya a karye, dole a sauke kwanon a wanke, a tsince gutsattsarin, ko da bakanike ya ce ba sai an yi ba.

Akwai injinan da hanya ta farko ba ta ma da ma'ana a cikinsu. Injin 2.0 TSI na Volkswagen da Audi, wanda ke cikin Passat da Tiguan da Jetta da A4 na wajen 2008 zuwa 2013, tsohuwar tenshinarsa kan saki ba tare da dogon gargaɗi ba, galibi a lokacin tayarwa. Abin ya kai ga masu motocin sun haɗu sun kai ƙara kotu a Amurka, aka sasanta a 2018, kamfanin ya tsawaita garanti a kan kacar da tenshina zuwa shekara 10 ko mil 100,000. Wannan garanti bai ƙetaro teku da motar ba, kuma tokumbon da ke iso mana ta riga ta wuce shi. Kamfanin ya sake fasalin tenshinar daga baya, kuma akwai ɗan rami mai toshi a murfin ƙasa da ake leƙawa a gane tsohuwa ce a ciki ko sabuwa. In tsohuwa ce, ni ba zan jira ƙara ba. Tunda kuma sai an cire murfin kafin a kai gare ta, a zuba kit a huta. Haka Mercedes mai injin M271, irin C180 da C200 na shekarun 2000: kacarsa mai layi ɗaya ce, haƙoran faifan kamshaf na cinyewa tare da ita, sabuwar kaca a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Nissan Pathfinder da Xterra masu injin VQ40 na 2005 zuwa 2010 kuwa kukansu daban ne, wani siririn kuka mai bin totur, daga ƙananan tenshinonin sama da robarsu ke cinyewa.

Sai dai kit ma yana da ramuka biyu. Na farko ingancin kaya. A kasuwar Panteka ta Kaduna, tsohuwa da sabuwa, za a ajiye maka kwali uku masu hoto iri ɗaya, farashi uku. Mafi arha yakan zo da kacar da ba a gasa ƙusoshinta yadda ya kamata ba, cikin shekara ta miƙe fiye da wadda aka cire. Na fi yarda da na kamfanin motar, ko na masu ƙera wa kamfanonin kamar Iwis da INA a motocin Jamus, Tsubaki da Aisin a na Japan, duk da su ma ana buga sunansu a kwalin jabu. Ka tafi da lambar shasi, ka tafi da bakanikenka, ka sayi a shagon da zai karɓa in an dawo da shi. In kuɗin gangariya bai samu ba, gara a ajiye motar mako biyu a tara. Game da tenshina ƴar Beljiyam da aka ciro daga wani injin, ra'ayina a taƙaice: a'a. Ba ka san shekarunta ba, kuma abin da ke lalacewa a cikinta ido ba ya gani.

Rami na biyu shi ne hannun da zai yi aikin. Tsofaffin makanikanmu da Peugeot 504 suka koyi aiki, motar da aka yi ta harhaɗawa a Kakuri bayan buɗe masana'antar a 1975. Injinta ma kaca gare shi, amma gajeruwa ce, maki (alamomin saita lokaci) a fili, mutum ya daidaita da ido ya rufe. Injin EP6 ba haka yake ba. Faifan haƙoransa na ƙasa ba shi da ɗan makullin da ke zaunar da shi wuri ɗaya, matsin noti ne kawai ke riƙe shi, don haka sai da ƙarafan kulle na musamman ake saita lokacinsa. Wanda ya ce zai yi maka da fenti da ƙusa, ɗauke motarka. Kafin ka ba da aiki ka tambaya kai tsaye: "Oga, ka taɓa yin irin wannan injin? Kana da abin kulle shi?" Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar. Bayan an ɗaura kuma, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a ga makin sun dawo daidai kafin a taɓa makulli. A kula da gam ɗin murfi ma: in aka lafta shi da yawa, rarar na tsinkewa ta ciki ta bi mai, ta je ta toshe ƙaramar hanyar da ke ciyar da sabuwar tenshinar.

Hanya ta uku, sauke inji a ɗora na Beljiyam, ita ce ake saurin faɗa, musamman in mota ta riga ta mutu a hanya. Ina ganin ana gaggawa a nan. Kaca ta tsallake ba yana nufin inji ya mutu ba. A fara saita lokaci a gwada matsin kowace silinda, ko a zura ƴar kyamara ta ramin filogi. In bawul ne kawai suka lanƙwashe, fistin ya sami ɗan tabo bai fashe ba, to a sauke tof silinda, wato kan injin da bawul ke ciki, a canza bawul, a wasa mazauninsu, a sa sabon gaskit da kit. Ka san tarihin injinka, ka san man da ka zuba masa. Injin da aka ɗauko daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, ba ka san mil nawa ya ci ba, kuma yana ɗauke da irin tenshinar da ta kashe naka, mai shekaru irin nata. Garantin ƴan kwanaki da mai shago ke bayarwa na tashi ne da hayaƙi, ba ya rufe kacar da za ta tsallake bayan wata biyar.

Inda injin Beljiyam ke da hujja shi ne in kan bawul ya karye ya faɗa ciki ya farfasa fistin ko ya kwarzane silinda, ko in dama injin na shan mai yana hayaƙi, ko gutsattsarin roba sun riga sun sa metal, wato mazaunin da kiranshaf ke juyawa a kai, ya ci wuta. A nan gyara ya zama ɗinkin tsumma. Amma in za ka saya, ka sa kuɗin kit cikin lissafin tun farko, a zuba shi injin na ƙasa kafin a ɗora, lokacin da aikin ya fi sauƙi. A buɗe murfin sama a gaban idonka: in ka ga baƙin dasƙararren mai kamar kwalta, bar musu kayansu.

Wani zai ce to ai gara mota mai bel. Ba laifi a tunanin. Camry ta kafin 2002 mai injin 5S bel gare ta, kuma ko ya tsinke bawul ba sa haɗuwa da fistin, sai dai a ja ta a sa wani. Amma Honda mai silinda shida da Peugeot 406 bel ne, kuma in ya tsinke ɓarnar iri ɗaya ce da ta kaca. Bambancin shi ne bel yana da wa'adi a rubuce, kana canza shi kana sane, kaca kuwa an ce mana ta har abada ce, shi ya sa ba mai duba ta.

Abin da ke yanke tsawon ranta baƙin mai ne, kuma a nan yawancinmu muke da laifi. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 a murfinsa, mu zuba masa 20W-50 saboda "ƙasarmu da zafi". Da sanyin Disamba da Janairu a Kaduna, mai kauri na ɗaukar lokaci kafin ya kai tenshina, kuma a wannan ɗan lokacin ne kaca ke sake. Ga ƙurar hunturu, ga tsayuwar cunkoso a Ahmadu Bello Way injin na aiki mita ba ta ƙirgawa, ga filta mai arha da ba ta riƙe mai idan an kashe mota. Ni duk kilomita 5,000 nake juye, ina kuma zaro sandar awo duk Juma'a, don injin da mansa ya yi ƙasa tenshina ce ke fara ji. Motar da ta fara ƙarar safe kuma, in mai giyar hannu ce, a daina tayar da ita da turi, a daina barin ta cikin giya a kan gangara ba birkin hannu. Fizgar nan da juyawa baya su ne ke sa sakakkiyar kaca tsallake haƙori.

Ta yayana dai an gwada, aka tarar bawul shida sun lanƙwashe, fistin lafiya. Mutum biyu sun ba shi shawarar injin Beljiyam, ya ƙi. Aka gyara tof silinda, aka zuba kit, aka sauke kwanon mai aka tsinto gutsattsarin roba cike da tafin hannu. Kwana tara motar ta yi a gareji. Tsohuwar tenshinar na cikin leda a akwatin gaban motarsa har yanzu, in ka danna sandanta da yatsa sai ya shige ciki ba wata turjiya.